Ticha Ɗan Gana da Lambar da Ya Bar Mana

Ni kam yanzu hayaniyar Karu ta fi ƙarfin kunnena. Gari bai gama wayewa ba janareton mai wankin mota zai soma ruri, 'yan acaba na danna hon kamar ana binsu, masu ruwa a baro na buga jarka, ga lasifikar masallaci ga ta coci kowace tana neman ta danne 'yar'uwarta. A cikin wannan hayaniya ne kwanan baya jikata, wadda ta shiga ajin farko na sakandare, ta zo ta zauna gefen keken ɗinkina da littafinta tana ta tsaki. Na ce, "Ke kuma da wa?" Ta ce, "Kaka, lissafi ne. Wai mu yi ta farfasa ɗari uku da sittin har sai ta ƙi fasuwa. Ticha ya rubuta a allo ya fita abinsa, mun yi wa ajin yawa, na baya ko gani ba ma yi." Ban san lokacin da na ɗauki allin da nake zana yadi da shi ba. Na ja layi a tsaye a kan tebur, na rubuta lambar, na ce mata, "To, biyu za ta shiga?" Ta dube ni kamar ta ga akuya tana karatu. Kafin in sake magana ta ɗauko wayar uwarta, ta danna, ta ce, "Kaka, bari kawai. Ga shi nan: biyu, biyu, biyu, uku, uku, biyar." Ta kwafe, ta rufe littafi, ta fita. Amsar daidai take, ban musa ba. Amma ranar ban ƙara taka keke ba, na wuni zaune zuciyata tana can wani wuri.

Ƙauyenmu yana can bayan Yangoji, nesa da titi kaɗan. Mu Gbagyi ne, manoma tun kakanni. A lokacin da nake magana, in an ce Abuja labari ne kawai, wai za a gina babban birni a ƙasarmu, kuma ba abin da muke gani sai wasu mutane masu hular kwano suna kafa turaku a daji suna wucewa. Abin da ke tashe mu da safe shi ne luguden turmi daga gida zuwa gida, da kukan 'yan awaki, da muryar mahaifiyata tana kiran sunayenmu a jere tun daga babba. Kafin rana ta yi zafi mun je rafi mun dawo, mun share tsakar gida, mun ɗora tukunya. A kafaɗa muke ɗaukar kaya, ba a ka ba. In yarinya ta kwaikwayi 'yan kasuwa ta ɗora ƙwarya a ka, sai mahaifiyata ta ce, "Sauke! Kai sarki ne, ba a ɗora wa sarki kaya." Gidanmu ɗaya ne amma addini uku: mahaifina yana kan al'adar kakanninsa, mahaifiyata tana zuwa coci, ƙanen mahaifina yana salla. Kwano ɗaya suke ci, ban taɓa jin an yi musu a kan wannan ba. Yau ina zaune a gidan haya mai ɗakuna da yawa, wadda bangonmu ɗaya da ita ta haihu har aka yi suna ban sani ba.

Ƙauyukan yankinmu ne suka haɗu suka gina sakandare da gumin kansu. Maza suka buga tubalin ƙasa, mata muka ɗebo ruwa da yashi. Gini ya tashi, kwano ya hau, sai aka rasa malamai, musamman na lissafi. Ana nan sai wata rana hedimasta ya dawo daga gari da wani dogon mutum siriri, da akwati ɗaya da kwalin littattafai. Aka ce ɗan Gana ne, ya zo neman aiki kamar yadda dubban 'yan ƙasarsu suka zo a zamanin. Da yake gidanmu akwai ɗaki a bakin ƙofa wanda ba kowa, sai aka sauke shi a wurin mahaifina. Ticha muke ce masa, manya da yara. Ba ya jin yarenmu, mu kuma Turancinsa ya yi mana sauri, sai Hausa ta haɗa mu. Tasa a zangon Kumasi ya koya, tamu a kasuwa, saboda haka ba mai yi wa wani dariya. Mace da namiji duk "kai" yake ce musu. Ni ce mai kai masa abinci, kuma duk ranar da na ajiye kwano sai ya jefo mini tambaya: kaji bakwai ƙafafunsu nawa, doya talatin a raba wa mutum shida. Da na gama firamare mahaifina ya ce ya isa haka, gona na bukatar hannu. Ticha ya same shi a gindin rumbu ya durƙusa ya ce, "Baba, wannan yarinya kansa yana da wuta. Ka bar shi ya yi karatu." Mahaifina ya ce, "In ta tafi makaranta, wa zai kore mini birai daga masara?" Ticha ya ce, "Ni." Muka ɗauka wasa ne. Ashe da gaske yake. Duk Asabar da Lahadi na daminar nan yana kan dakalin gona da littafinsa da gwangwani yana bugawa yana ihu. Mutanen gari suka yi dariya har suka gaji, mahaifina kuwa ya ji kunya ya bar ni na shiga aji.

Ban taɓa ganin mai koyarwa irinsa ba. Ranar da zai fara mana wannan darasi na farfasa lamba bai taɓa allo ba. Cewa ya yi kowa ya fita ya ciko aljihu da tsakuwa. Muka zauna a inuwar ɗorawa, ya ce, "Ku ƙirga sha biyu. Ku jera su layi-layi daidai wa daida, kamar yadda iyayenku ke jera kunyar doya." Wani ya yi layi biyu, wani uku, wani huɗu, duk suka zauna lafiya. Ya ce, "To, ku ƙara ɗaya." Muka yi ta juya sha uku, ko ta ina sai ɗaya ta yi saura ko uku. Wani yaro ya gaji ya ce, "Ticha, ta ƙi!" Ticha ya yi tsalle ya tafa hannu ya ce, "Yauwa! Ya ƙi! Wannan shi ne mai taurin kai. Ba ya rabuwa sai da kansa, sai da ɗaya." Daga ranar sunansu ke nan a wurinmu, masu taurin kai: biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, haka har gaba. Ya ce duk wata lamba ta duniya, komai girmanta, ko dai ita kanta mai taurin kai ce, ko kuma su ne suka ninka juna suka haife ta, aikinmu shi ne mu tono su. Sai ya ja layi a ƙasa ya rubuta sittin, ya ɗaga murya: "Biyu zai shiga?" Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta shiga! Talatin!" "Zai ƙara shiga?" "Ta shiga! Sha biyar!" "Zai ƙara?" "Ta ƙi!" "To, a kira wa?" "A kira uku!" Haka har muka sauka kan biyar, ita kuma ta kai mu ɗaya. Matan da ke wucewa da itace sukan tsaya su saurara, su ɗauka waƙa muke koya. Har a rafi muna yi wa juna, wata ta jefo lamba sauran su amsa. Ya taɓa kama mu duka da casa'in da ɗaya. Muka gwada biyu, uku, biyar, muka rantse mai taurin kai ce. Ya yi murmushi ya ce, "Kun gaishe da bakwai?" Ashe bakwai sau sha uku ce. Ya ce, "Ba a yi wa lamba shaidar taurin kai sai an bi ƙofa-ƙofa an tambaya."

A lokacin sussukar dawa ne, wata Juma'a da za a tashi, ya rubuta mana ɗari uku da casa'in da ɗaya a allo. Ya ce, "Ku tafi da shi gida. Ban ce yana fasuwa ba, ban ce ba ya fasuwa ba. Wanda ya gano gaskiya ya zo ya faɗa mini." Yawancin 'yan ajinmu da suka kai bakwai ta ƙi, suka ce ai shi ke nan. Ni kuwa casa'in da ɗaya ta koya mini hankali. Littafin rubutu ba abin ɓatawa ba ne a gidanmu, sai na riƙa yi da gawayi a bayan rumbu, da tsinke a ƙasar masussuka, duk inda na sami sarari tsakanin aiki da aiki. Raba doguwar lamba yana ba ni wuya, sai in yi in goge, in sake. Na ɓata lokaci a kan tara, sannan na tuna ya ce ƙofar da uku ta kasa shiga, tara ba ta da abin nema a wurin. Sha ɗaya ta bar saura shida. Sha uku ta kusa kashe ni: ta tafi lafiya lau har ɗari uku da casa'in, sai ɗaya tak ta yi saura. Na zauna ina duban ɗayar nan kamar in yi kuka. Tuwo ya kama a tukunya saboda ita, mahaifiyata ta ce in lissafin nan ba zai bar mu mu ci abinci ba, ta san inda za ta kai ƙarar Ticha. Ran Lahadi da yamma, ina tsaron shanyar dawa kada kaji su ci, na gwada sha bakwai. Ta shiga. Ashirin da uku cif, ba saura. Na sake yi, ta sake shiga. Na tashi da gudu zan je ɗakinsa, sai na tarar da manya zaune a ƙofar gida sun kewaye rediyon ƙanen mahaifina, Ticha na tsakiyarsu ya dafe kai. Mahaifiyata ta kama hannuna ta mayar da ni ciki.

Abin da rediyo ya faɗa shi ne gwamnatin wancan lokaci ta ba duk baƙin da ba su da takardar zama ɗan taƙaitaccen wa'adi su bar ƙasar. Ticha ba shi da takarda. Makarantarmu ta al'umma ce, ba wanda ya taɓa tambayarsa, shi ma bai nema ba. Hedimasta ya yi ta zirga-zirga zuwa gari ko zai samo masa mafita, kullum ya dawo fuska a murtuke. Aka daina darasi. Na kai masa abinci sau da yawa a kwanakin nan, amsar tana bakina, amma in na ga yadda yake zaune ya zuba wa bango ido sai in ajiye kwano in fita. Mahaifina ya ce masa, "Ina da bukka a gona ta can ƙetaren rafi, ba mai zuwa. Ka zauna, yara su riƙa kai maka abinci har ƙura ta lafa." Ticha ya ce, "Baba, na gode. Amma ni malami ne. In na ɓuya kamar ɓarawo, da wane ido zan sake tsayawa gaban yaran nan? Kuma in an kama ni, kai za a kama."

Da safen ranar da zai tafi, wasu samari daga sansanin leburorin titi suka shigo ƙauye, su da wani ɗan garinmu da ya nuna musu gida. Sun ji ana cewa baƙi na barin kaya suna gudu. Babbansu ya tsaya a ƙofa yana cewa, "Oga ticha, lokaci ya yi fa. Fito mu taya ka kwashe kaya. Katifa da rediyo ai ba za su shiga mota ba." Ɗaya har ya sa ƙafa a ɗakin. Mahaifina yana zaune yana wasa adda a kan dutse. Bai tashi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, fitar da ƙafarka." Suka ce ai dokar gwamnati ce. Ya ce, "Gwamnati ta ce ya tafi. Ban ji inda ta ce ku raba kayansa ba. Mutumin nan ya ci doyar gidana, ya tsare mini gona. Wanda zai taɓa tsinkensa sai ya fara ta kaina." Sai ya juya ga ɗan garinmu ya ce masa da yarenmu, "Kai kuma, ɗanka a ajin wa yake?" Mutumin ya sunkuyar da kai. Kafin nan maza sun fara fitowa daga gidaje da fartanya a kafaɗa, tsayawa kawai suka yi. Samarin suka ja da baya suna gunaguni suka tafi. Ni ina bayan zana ina leƙe.

Rabin gari ne ya raka shi titin Lokoja. Mata suka ɗauki akwatinsa da doya da soyayyiyar gyaɗa a kafaɗa, ni aka ba ni kwalin littattafai. Abin da na gani a titin nan ban manta ba. Manyan motoci ne ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, an cusa mutane kamar buhunan gero, wasu a kan kaya, mata da jarirai, bokiti da katifa a rataye ta ko'ina. Wasu motocin ana waƙar coci a ciki, wasu shiru kamar ana kai gawa. Mun daɗe muna ɗaga hannu ba wadda ta tsaya. Ticha ya zauna a kan akwatinsa, na ga in ban faɗa yanzu ba, shi ke nan. Na matsa na durƙusa na ce, "Ticha, ta fasu." Ya ce, "Me ya fasu?" Na ce, "Lambar. Sha bakwai sau ashirin da uku." Ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci. Sai ya miƙo mini tsinke ya ce, "Nuna mini." Na yi masa a ƙasar bakin titi. Ya ce, "To, ashirin da uku fa? Ka tabbata ba ya fasuwa?" Na ce, "Na tambayi biyu, na tambayi uku, sun ƙi. Biyar sau biyar ta riga ta wuce ta, ba sauran ƙofa." Ya yi dariya, dariyar da rabonmu da ita tun ranar rediyo, har hawaye ya zubo masa. Ya juya ga mahaifina ya ce, "Baba, ka gani? Ban kori birai a banza ba. Ko bayan raina kar ka cire shi daga makaranta." Mahaifina ya ce, "Na ji." Can wata mota ta tsaya. Yaron mota ya karɓi akwati, ya ce kwali kam ba wuri. Ticha ya ce in mayar makaranta. Aka ja shi sama ta hannu, ya sami wurin tsayawa a bakin ƙarfe. Muna ɗaga hannu yana ɗagawa har kwanar titi ta ɓoye shi.

Mahaifina ya cika alkawari, bai cire ni ba. Amma makaranta ba ta sake samun malamin lissafi tsayayye ba har muka gama. In lokacin darasin ya zo sai mu zauna mu yi ta hira, ko a tura mu sharar fili. An taɓa turo mana wani ɗan bautar ƙasa, yaron kirki, sai dai Turanci zalla yake yi yana fuskantar allo, bai daɗe ba kuma ya koma gari. Na yi ƙoƙarin karanta littattafan Ticha ni kaɗai, na kai inda na kai na tsaya, ba mai ɗaga ni. Daga baya gara ta shiga ofishin hedimasta ta cinye su. Ranar babbar jarrabawa tambayar farfasa lamba ta fito, na yi ta kafin in gama zama, sauran tambayoyin kuwa na yi ta kallonsu suna kallona. Na faɗi lissafi, kuma ba a shiga makarantar horon malamai ba tare da shi ba. Da sakamako ya zo mahaifina bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Shukar da aka cire wa ruwa tana tsakiyar girma, ba a tambayarta dalilin da ba ta yi 'ya'ya ba." Ya sayar da doya ya saya mini keken ɗinki. Da shi na yi aure, da shi na ciyar da 'ya'yana, ban raina ba. Amma ba shi na so ba.

Abin da ke damuna yanzu ya wuce nawa. Wurin da makarantar take an kewaye shi da katanga, an sare ɗorawar, wai gidaje za a gina na sayarwa. Gonar mahaifina ta ƙetaren rafi wani mai takarda ya zo ya ce tasa ce. Ɗana yana da shago a Durumi, an shafa masa jan fenti a bango, kullum yana kasa kunne ko motar rusau ta taho. A ofis in na je neman wani abu, yaron da aka haifa jiya sai ya tambaye ni daga wace jiha na zo. Mu da muka raka baƙo titi, yau mu ake wa kallon baƙi, kuma ban ga wanda zai zauna a ƙofa ya ce a fitar da ƙafa ba.

Ticha bai taɓa aiko da saƙo ba. Bayan tafiyarsa mun ji labarai marasa daɗi, cewa mutane sun yi cunkoso a bakin iyaka kwana da kwanaki ba ruwa ba abinci, wasu motoci sun kife, wasu ba su kai gida ba. Mahaifina har ya rasu yana tambayar direbobi. Shekarun baya na haɗu da wata dattijuwa 'yar Gana mai sayar da atamfa a kasuwar Karu. Da na ji Hausarta sai na tsaya, irin ta Ticha ce sak. Ta ce a zangon Kumasi ta girma, ita ma tana cikin waɗanda aka kora a wancan karo, daga baya ta dawo. Na zauna a bencinta na ba ta labari tun daga birai har bakin titi. Ta ce, "Zango ba shi da girma a wurin wanda aka haifa a ciki. Ina zuwa gida duk shekara. Faɗa mini sunansa da na babansa, in yana da rai zan samo maka shi, in ya mutu zan samo 'ya'yansa." Na buɗe baki, sai na rasa sunan. Na ce mata ta ba ni kwana biyu.

Na je ƙauye takanas. Hedimasta ya daɗe da rasuwa, iyayena ma haka, takardun makaranta ba wanda ya san inda suka shiga. Na bi 'yan ajinmu da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu shi ne yaron nan da ya ce sha uku ta ƙi, yanzu tsoho ne, idonsa ya tafi. Na same shi a ƙofar gidansa, muka gaisa, na ce, "Don Allah, malaminmu ɗan Gana, mene ne sunansa na gaskiya?" Ya murza sandarsa. Sannan ya ce, "Ke ma dai da wata magana. Ba Ticha ne sunansa ba?"

Ban koma wurin mai atamfar ba. In na shiga kasuwa, ta wani layi nake bi.